Kikbol: Wasan yaran Amurka da ke neman rasa fili da lokaci

Duk magidancin da ke da yaro a makarantar firamare a ƙasar Amurka, da wuya a ce bai taɓa jin sunan wasan nan da ake kira kickball daga bakin ɗansa ko 'yarsa ba, ko da kuwa bai taɓa tsayawa ya tambayi yadda ake yin sa ba. Wasa ne da ake yi da wata jar ƙwallon roba mai taushi, wadda girmanta kusan ɗaya ne da na ƙwallon ƙafa, kuma kusan duk Ba'amurken da ya ratsa ta firamare, tsoho ne ko yaro, ya san ƙarar da take yi idan aka ɗirka mata ƙafa.

Ga mu da muka taso da langa da carafke da ƙwallon tsumma, kikbol baƙon abu ne, shi ya sa da yawa daga cikin iyayenmu da ke zaune a Bronx ta birnin New York ko Chicago ko Houston suke ɗaukar sa a matsayin guje-gujen yara kawai, wanda ba ya tsinana komai sai kashe takalmi da ɓata tufafi. To amma idan aka bi tarihinsa, za a tarar cewa ya fito ne daga filayen da aka buɗe domin yara irin namu, wato 'ya'yan baƙi da na talakawan birni waɗanda ba su da tsakar gida, ba su kuma da kuɗin sayen kayan wasa masu tsada. Bayan ƙwallon, abu biyu kawai yake buƙata, fili da lokaci, kuma waɗannan biyun ne makarantu da dama suka shafe shekaru suna zaftarewa.

Yadda ake yin sa

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar kikbol ita ce a ce besbol ne, wasan nan da Amurkawa ke ji da shi, amma sai aka ajiye sandar bugu da 'yar ƙaramar ƙwallon nan mai tauri, aka maye gurbinsu da ƙafa da ƙwallon roba. Ana shata fili mai kusurwa huɗu, a ajiye alama a kowace kusurwa. Kusurwar da ake bugo ƙwallo daga gare ta ita ce gida, sauran ukun kuma su ne zango na ɗaya da na biyu da na uku. A wasan manya tazarar da ke tsakanin zango da zango ƙafa 60 ce, amma yara sukan auna ne gwargwadon filin da suka samu, kuma idan babu alamar kirki, jakar makaranta ko rigar sanyi ma ta wadatar.

Ana raba yara gida biyu. Ɓangare ɗaya ya jeru domin bugu, ɗaya ɓangaren kuma ya warwatsu cikin fili domin tsaro. Ɗaya daga cikin masu tsaron zai tsaya a tsakiya ya mirgino ƙwallo a ƙasa zuwa gida, inda wanda layi ya zo kansa zai sa mata ƙafa iya ƙarfinsa, sannan ya sheƙa zuwa zango na ɗaya. Idan ƙwallon ta yi nisa yana iya zarcewa zuwa na biyu ko na uku, idan kuwa ya ga za a ritsa da shi sai ya tsaya a inda ya kai, ya jira na bayansa ya bugo. Duk wanda ya zagaye zangunan uku ya dawo gida lafiya, ya ci wa ɓangarensa maki ɗaya.

Su kuma masu tsaro aikinsu shi ne fitar da masu bugu. Idan aka cafe ƙwallo a sama kafin ta taɓa ƙasa, wanda ya bugo ta ya fita. Haka nan idan ƙwallo ta riga shi isa zangon da ya nufa, ko aka taɓa shi da ita yana tsakanin zango da zango. A wurare da yawa an yarda a jefe shi da ita ma, muddin dai ba a same shi a kai ko a wuya ba, kuma wannan ne babban abin da ya bambanta kikbol da besbol, domin ƙwallon besbol idan ta samu mutum sai asibiti. Da zarar an fitar da mutum uku, sai a yi musanye, masu tsaro su zo bugu, masu bugu su koma tsaro. Manya kan yi zagaye biyar a wasa guda, yara kuwa ƙararrawar komawa aji ce ke tashin wasansu.

Daga ina ya samo asali?

Tsakanin shekarar 1880 zuwa 1920, baƙi fiye da miliyan 20 ne suka kwarara cikin Amurka, akasarinsu daga Italiya da Rasha da sauran ƙasashen gabashin Turai da kudancinta. A shekarar 1907 kaɗai, sama da mutum miliyan ɗaya ne suka shiga ta tsibirin Ellis da ke bakin New York. Waɗannan bayin Allah sun cunkushe ne a dogayen gidajen haya marasa tsakar gida, inda 'ya'yansu ba su da wurin wasa sai kan titi, tsakanin kekunan doki da taragon cikin gari, kuma 'yan sanda kan kama yaro saboda ya buga ƙwallo a kan hanya.

Wannan hali ne ya sa wasu masu kishin gyaran al'umma suka tashi haiƙan wajen neman hukumomi su ware wa yara filaye. A shekarar 1903 birnin New York ya buɗe filin wasa na Seward Park a unguwar baƙi ta Lower East Side, wanda ake lissafa shi a matsayin filin wasan yara na dindindin na farko da wata hukumar birni ta gina a ƙasar. Bayan shekara uku, wato a 1906, aka kafa ƙungiyar filayen wasa ta Amurka a birnin Washington, inda aka ba shugaban ƙasa na lokacin, Theodore Roosevelt, shugabancin girmamawa, kuma shahararriyar mai taimakon baƙin nan ta Chicago, Jane Addams, tana cikin jagororinta.

Da aka samu filaye, sai kuma wata matsalar ta taso: wane wasa za a ba yara talatin ko arba'in, maza da mata, manya da ƙanana, waɗanda wasunsu ko Turanci ba su gama ji ba, a ɗan fili mai kewaye da tagogin mutane? Besbol na buƙatar sanda da safar hannu ta fata da wadataccen fili, ga shi kuma yaro kan daɗe kafin ya iya samun ƙwallon da sanda. Tun a shekarar 1910 wani malamin motsa jiki mai suna Emmett Dunn Angell ya bayyana wani nau'in besbol da ake bugawa da ƙafa a cikin littafinsa na wasannin yara. Amma wanda aka fi jingina wa kikbol shi ne Nicholas C. Seuss, mai kula da filayen wasa na birnin Cincinnati a jihar Ohio, wanda ya rubuta dokokin wasan tare da zanen filinsa a wani littafi mai suna The Playground Book da ya fito a 1917. A farkon shekarun 1920 malaman motsa jiki a makarantun gwamnati suka rungume shi domin koya wa yara tushen besbol, kuma a wancan lokaci babu ma mai mirgino ƙwallo, ajiye ta ake yi a gida a buga. Wasa farin girki, abin da aka ɗauka a matsayin share fage sai ya tsaya da ƙafarsa.

Ƙofar da ya buɗe wa 'yan mata

Wani abu da ba kowa ya sani ba shi ne rawar da wannan wasa ya taka a rayuwar 'yan mata. Ƙungiyar besbol ta yara da ake kira Little League ta shafe shekaru ba ta karɓar mata. A 1972 wata yarinya 'yar shekara 12 mai suna Maria Pepe ta buga wasa uku kacal a garin Hoboken na jihar New Jersey kafin a tilasta mata ajiye riga, lamarin da ya kai ga shari'a, kuma sai a 1974 ƙungiyar ta buɗe ƙofarta ga mata. Kafin wannan lokaci, a filin kikbol ne 'yan mata da dama suke samun damar karawa da maza. A garin Corpus Christi na jihar Teksas, an kafa ƙungiyar Little Miss Kickball a 1970 musamman domin 'yan mata, wadda daga baya ta bazu zuwa wasu garuruwan jihar.

Haka kuma wasan bai tsaya a Amurka ba. A Kanada ana haɗa sunan ƙwallon ƙafa da na besbol ne a kira shi da su, a Birtaniya kuma ana yin irinsa bisa tsarin wasansu na rounders, sannan yaran firamare a Japan da Koriya ta Kudu duk sun san shi da sunayen harsunansu. Amma ƙasar da ta fi ɗaukarsa da muhimmanci ita ce Benezuwela, inda wata malamar motsa jiki, Charito Ramírez, ta shigar da shi a 1965, ya zama wasan mata mai ƙungiyoyi da gasa tsakanin jihohi. Da matsin tattalin arziki ya fitar da 'yan ƙasar fiye da miliyan 7 zuwa ƙasashen waje, sai matan suka tafi da wasansu, suka kafa ƙungiyoyi a Ajantina da Chile da Peru da Sifen, inda filin wasan ya zama mahaɗarsu ta ƙarshen mako. Ke nan wasan da ya raini 'ya'yan baƙi a Amurka ya sake zama abokin zaman wasu baƙin a wata nahiyar.

Manya ma sun dawo fili

A shekarar 1998 wasu abokai huɗu a birnin Washington suka kafa ƙungiyar kikbol ta manya da aka fi sani da WAKA, da nufin samar wa matasan ma'aikata hanyar haɗuwa bayan an tashi daga ofis. Cikin 'yan shekaru abin ya watsu zuwa manyan birane, aka tsara ƙwallo mai faɗin inci 10, aka ƙayyade 'yan wasa 11 a fili, har aka riƙa yin gasar ƙasa a Las Vegas. Da kuɗi ya shigo, sai rigima ta biyo baya. A 2006 ƙungiyar ta maka wata kishiyarta mai suna DCKickball a kotu bisa zargin satar dokokin wasa, tana neman diyyar fiye da dala dubu 300, abin da ya sa jama'a suka yi ta mamakin yadda wani zai ce shi ke da mallakar wasan da kakanni suka yi a firamare. An dai kashe maganar a 2008.

Abin lura a nan shi ne, a daidai shekarun da manya ke biyan kuɗin rajista domin su sake ɗanɗana wasan yarintarsu, a lokacin ne kuma ake rage wa masu wasan na asali damar yin sa kyauta.

Yadda aka zaftare hutun tara

Kikbol a ɗan hutun nan na tsakiyar karatu yake rayuwa, wanda a makarantunmu na gida ake kira fita tara. Tun a shekarun 1990 wasu hukumomin ilimi suka fara ganin wannan hutu a matsayin ɓata lokaci, har ta kai birnin Atlanta ya soke shi a makarantunsa na firamare, aka kuma gina wasu sababbin makarantu ba tare da filin wasa ba. Sai kuma a watan Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a dokar ilimi mai suna No Child Left Behind, ma'ana kada a bar kowane yaro a baya, wadda ta ɗora makomar makarantu a kan sakamakon jarrabawar Turanci da lissafi. Makarantar da ɗalibanta suka yi ta faɗuwa tana iya fuskantar hukunci, don haka shugabannin makarantu suka shiga neman mintoci ko ta halin ƙaƙa.

Wani bincike da cibiyar nazarin manufofin ilimi ta Center on Education Policy ta gudanar a shekarar karatu ta 2006 zuwa 2007 ya nuna cewa hukumar ilimi ɗaya cikin kowace biyar ta rage lokacin hutun, inda abin da aka yanke ya kai kimanin minti 50 a mako. Alƙaluman ma'aikatar ilimin ƙasar na wancan lokaci sun kuma nuna cewa makarantun da 'ya'yan talakawa suka fi yawa su ne suka fi ƙarancin hutu, wato dai irin makarantun unguwannin da baƙi ke fara sauka. Duk da cewa an maye gurbin waccan doka da wata a 2015, ɗabi'ar da ta haifar ba ta tafi tare da ita ba. Masu karatunmu na Birtaniya ma abin bai bar su ba, domin wani bincike da jami'ar University College London ta fitar a 2019 ya gano cewa yara 'yan shekara 5 zuwa 7 a Ingila sun rasa minti 45 na hutu a kowane mako idan aka kwatanta da 1995.

Likitoci dai ba su yi shiru ba. A 2013 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa hutun wasa wani ɓangare ne na ci gaban yaro, cewa yana taimaka masa ya mai da hankali idan ya koma aji, kuma bai kamata a hana yaro shi a matsayin horo ko don a ƙara masa karatu ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ba da shawarar aƙalla minti 20 a kowace rana, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa yaro mai shekara 5 zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na minti 60 a kullum. Wannan kuwa a ƙasar da alƙaluman CDC na 2017 zuwa 2020 suka nuna cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar na fama da matsananciyar ƙiba.

Inda aka samu sauyi kuwa, iyaye ne suka jawo shi. A jihar Florida wasu iyaye mata ne suka yi ta zarya zuwa majalisar jiha har aka yi dokar 2017 da ta wajabta hutun minti 20 a kullum ga 'yan firamare. A New Jersey Gwamna Chris Christie ya ƙi sa hannu a irin wannan ƙuduri a 2016, amma magajinsa Phil Murphy ya sa hannu a 2018. Jihar Illinois ta wajabta minti 30 a 2021, Kalifoniya ma ta yi tata dokar ta minti 30 a 2023, wadda ta kuma taƙaita hana yaro fita a matsayin horo.

Abin da yaro ke samu a filin

Mai karatu na iya cewa, to mene ne abin tayar da jijiyar wuya a kan wasan ƙwallon roba? Amsar tana ga yaron da aka kawo shi daga Kumasi ko Maraɗi ko Garwa aka jefa shi aji uku a tsakiyar shekara. A cikin aji harshe ya ɗaure shi, amma a fili kowa ya san yaron da ya taso yana buga ƙwallo a lungu ba a koya masa sa ƙafa. Bugu ɗaya mai kyau ya isa ya sa a san sunansa, a kuma riƙa rububinsa gobe. A nan ne yake koyon jiran layi, da yarda da hukuncin da bai yi masa daɗi ba, da sasanta gardama ba tare da malami ya sa baki ba, abubuwan da mu muka koya a dandali ba tare da an kira su darasi ba.

Wasan yana da nasa aibin. Tsohuwar al'adar nan ta a tsayar da shugabanni biyu su riƙa zaɓen 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya ta bar tabo a zukatan mutane da dama, domin wanda aka bari a ƙarshe kowa ya ga matsayinsa, har zancen ya zama abin misali a bakin Amurkawa. Shi ya sa malamai da yawa suka koma raba yara ta hanyar ƙirga. Ƙungiyar Playworks, wadda aka kafa a 1996, tana tura masu horarwa makarantu domin tsara lokacin hutu, kuma tana koya wa yara su raba gardama da wasan hannu na dutse da takarda da almakashi maimakon dambe.

Saura kuma namu ɓangaren. Yaranmu da yawa daga makarantar boko sai gida, a ƙarshen mako kuma sai Islamiyya, ga sanyin hunturu da ke kulle su a ɗaki wata da watanni, ga kuma waya da talabijin. Ga irin wannan yaro, mintocin nan na makaranta su ne kaɗai lokacin da yake gudu a yini. Don haka idan an kira taron iyaye da malamai, bayan tambayar makin lissafi, yana da kyau uba ko uwa su tambayi minti nawa ake ba yara a waje, da kuma ko ana hana yaro fita idan ya yi laifi ko bai gama aikin gida ba, sannan su bincika abin da dokar jiharsu ta tanada. A kuma duba takalmin da ake sa wa yaro da safe, musamman 'yan mata, domin hijabi ba ya hana wannan wasa, amma silifas yana hanawa.

Ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya da ke shirya taron Sallah ko walimar bazara a wuraren shaƙatawa su ma suna da abin yi. Ƙwallon ba ta kai kuɗin tiren shinkafa ɗaya ba, kuma ba a buƙatar a koya wa yaran komai, tun da su ne gwanayen. A ba su gefen fili da rabin awa, su raba kansu, su koya wa iyayensu inda zango na ɗaya yake.